Magini da Tanderun Mai Gurasa

'Yar nan, na ji kina ƙorafi wai tukunyar lantarkin da aka ba ki ta cika nawa, a ɗora tun safe sai yamma, har kin rasa abin da za ki dafa a cikinta. Matso in ba ki wani misali.

An yi wani magini a cikin birni, matarsa ta rasu ta bar shi da mahaifiyarsa, tsohuwa wadda haƙoranta suka zube. Aikinsa na fitar sassafe ne, ba ya dawowa sai rana ta yi ja. In ya dawo a gajiye, ƙafa duk siminti, sai ya hura wuta babba ya ɗora tukunya, yana fifita yana gaggawa don kada tsohuwa ta kwana da yunwa. Wake ya sauka kamar tsakuwa, nama kuwa sai ka ce fatar ganga. Tsohuwa ta sa hannu ta jujjuya, ta kai loma ɗaya, ta ce ta ƙoshi, Allah ya yi albarka. Ba ƙoshi ba ne, nauyi ne ba ta so ta ƙara masa. Koko kaɗai ke riƙe da ita. A kwana a tashi wuyanta ya zurma, zani ya daina zama a ƙugunta, har salla ma ta koma yi a zaune. Da ya kai ta asibiti aka duba, sai aka ce masa ba wata cuta a jikinta, abinci ne ba ya isarta. Ya fito yana share ido da hannun riga, don bai taɓa zaton uwarsa za ta rame da yunwa a gidansa ba, alhali kullum sai ya sayo nama.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarsu mai sana'ar gurasa. Tun asuba take gashi, kafin hantsi ta gama, tanderunta kuwa ya wuni da zafi da rushi a gindinsa ba mai amfani da shi. Ta shigo duba tsohuwa, ta ga kwanon wake a gefe ba a taɓa ba, ta gane komai ba tare da an gaya mata ba. Ta ce wa magini gobe kafin ya fita ya kawo mata tukunyar ƙasa, da ƙafar saniya, da albasa, da citta da masoro, da ɗan ƙullin daddawa. Ya kawo. Ta zuba ruwa ya sha kansu, ta rufe, ta liƙe bakin murfin da ragowar kwaɓin gurasa, ta zura tukunyar cikin tanderu ta rufe shi da tsohon faranti. Amma zuciyar magini ba ta kwanta ba, shi da ya saba ganin wuta tana lasar gindin tukunya. Da azahar ya baro aiki ya zo ya ɓalle murfin don ya gani. Tururi ya fice, zafi ya tsere, ranar dai ƙafa ta sauka da taurinta. Dattijuwa ba ta yi masa faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗana, wannan tukunya ba ta son leƙe. Ka ba ta amana ka tafi aikinka."

Washegari ya ba ta amanar. Ya wuni a kan katanga yana jera bulo, ransa na wajen tanderu, amma ya daure. Da yamma aka buɗe, ƙamshi ya riga shi shiga gida. Nama ya rabu da ƙashi da kansa, jijiya ta narke, romo ya yi kauri har yana kama leɓe. Ya jiƙa gurasa a ciki ya miƙa wa tsohuwa. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta cinye tas, sannan ta turo kwano ta tambaya ko da saura. Magini ya juya baya kamar mai neman ludayi don kada ta ga fuskarsa.

Daga nan tukunya ba ta sake hutawa ba. Yau wake da kabewa da manja, su dahu har su zama kamar fate. Gobe tsohon zakara, irin wanda masu saye ke gudu saboda tauri, a sa masa kanumfari da tafarnuwa. Wata rana alkama da jelar saniya, wata rana ganda, ko kan rago in an samu. Sai ya lura duk abin da wutar gaggawa ta kasa, shi ne ya fi daɗi a rushi. Kafin damina ta wuce tsohuwa ta murmure, ta miƙe tana salla a tsaye. Ranar da ta fara taka ƙofar gida, ba ta nufi ko'ina ba sai gidan mai gurasa, tana dafe da kafaɗar ɗanta. Ta kama hannun dattijuwar da hannu biyu tana ta sa mata albarka, ita da 'ya'yanta da jikokinta. Mai gurasa ta ji kunya, ta ce ai zafi ne da ma yake tafiya a banza. Magini kuwa ya durƙusa nan gefen tanderu har suka gama.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.