Lambun da Na Bari a Hannunsa

"Wata bakwai kacal da na yi yaji, har ka mayar min da lambu dajin macizai?" na ce wa mijina.

"Kayanki kika zo kwasa, Hajiya. Kwashi ki tafi, ki daina min ihu."

Na kutsa cikin lambun da ke bayan ɗakinmu. Ciyawa ta kai min ƙugu, ƙaya ta kama min zane, furannina duk sun ɓace a ciki.

"Mugunta ce kawai. Don ka san ina son su ka bari su mutu."

Sai ƙafata ta nutse cikin laka, alhali rabonmu da ruwan sama wata huɗu.

"Wa yake ba ciyawa ruwa?"

Ya kau da kai. "Ban iya bambance furenki da ciyawa ba. Tsoro na ji kar in cire naki, sai nake ba su duka, safe da yamma."

Hawaye suka cika min ido. A waje, direban da ya kawo ni ya danna hon.

"Je ka sallame shi," na ce. "Ba inda za ni, ciyawar nan kuma ba mai taɓa ta."