Ƙuri'ar Tsige Shugaba

"Shugaba, ka daina ja mana rai, a kaɗa ƙuri'a kawai!" in ji Sanƙo, yana dukan tebur.

Taron wata-wata ne na ƙungiyar injiniyoyin layin dogo, a ɗakinsu da ke jikin tasha. Yau da shirin tsige tsohon suka zo, don ya manne wa kujerar kamar da ita aka haife shi. Kowa ya sha alwashi. Sanƙo, mai harin kujerar, har sabuwar riga ya ɗinka.

Shugaba ko a jikinsa. Ya yi bayanin tsakuwar layi, ya koma kan kusoshi, ya gangara kan yadda zafin rana ke lanƙwasa ƙarfe. Ana ta hamma. Can sai ya kasa kunne, ya gyara zama.

"To, 'yan'uwa, tunda kun matsa. Duk mai son in ci gaba, ya ɗaga hannu."

Bai rufe baki ba jirgin kaya ya danna hon a bayan taga. Shi kuwa mai aikin layi, tun ranar da ya fara ake cusa masa abu ɗaya: da ka ji hon, ɗaga hannu direba ya san ka ji shi. Hannaye suka yi sama kafin masu su su ankara.

Shugaba ya bi su da kallo, ya share ƙwallar da babu ita.

"Har da kai, Sanƙo? Kai, Allah ya bar zumunci. Sakatare, rubuta: babu hamayya. Taro ya tashi."