Huda Ta Uku

"Mitsue, wai shayin nan sai gobe?" in ji mijinta Sakuji. "Farfesa guda ya taso daga Tokyo saboda ni fa."

Sai da ta gama kunna wa kakanni turare ta shigo da tire. Mafarautan ƙauye sun cika ɗaki. Baƙon yana haska gindin tsohon kwanson harsashi na tagulla, gadon kakan mijinta.

"Nan hular da ke tayar da albarushi take zama," in ji Farfesa. "Akwai mai huda ɗaya, akwai mai biyu. Amma uku? Shekara talatin ban gani ba. Sunanka za mu sa masa a littafi, Dattijo."

Sakuji ya kumbura, yana hararar abokan da suka saba yi masa dariya.

Mitsue ta leƙa. "Au, ashe nan yake. Biyun ba sa zubo barkono sosai, shi ne na ƙara ɗaya da ƙusa."

Farfesa ya shinshina, sai atishawa.

Ta miƙa hannu. "Baban yara, don girman kakanni ba ni abina. Miya tana wuta."