Bugun Zuciyar Malam Maitama

Lauratu ta ɗora babban yatsanta a wuyan hannun mijinta, ta danna kamar mai gwada nunar gwanda, idonta a kan agogon bango. Yau ma zuciyar sukuwa take, alhali mutumin yana kwance, ko motsi bai yi ba.

Tun ranar da asibiti a Malumfashi ya ce su biyun suna da ciwon suga take wannan aiki kowace safiya. Likita ya ja musu kunne cewa mai suga, in yana hutawa amma zuciyarsa na gudu, a yi hattara, irin wannan zuciyar ba ta cika nisan kwana ba. Lauratu ta kwashe maganar kacokan ta ɗora wa Malam Maitama. Nata ciwon, in ji ta, ba abin a zo a gani ba ne, ƙishirwa ce kawai da ɗan jiri.

An nuna mata yadda ake yi da yatsu biyu, amma yatsun da suka tsufa a ɓarar masara da tsinkar auduga sun yi kanta, ba sa jin komai. Sai ta koma wa babban, shi kam bai taɓa ba ta kunya ba.

Duk zuwansu asibiti, na'ura sai ta ce zuciyar Malam lafiya lau. Lauratu ta taɓe baki. Na'ura ce ta san shi, ko ita da ta yi furfura a ɗakinsa? Ta hana shi goro, ta hana shi shayi, ta hana shi leƙa gona. Shi kuwa yakan miƙa mata hannu yana dariya, yana kiranta likita marar allura.

Tsoronta ɗaya ne. Yara sun watse, wasu Kaduna wasu Legas, waya sai Juma'a. In Malam ya tafi, da wa za ta yi magana a gidan nan, da kaji?

Yau bai tashi sallar asuba ba. Ta ce gajiya ce. Kunu ya huce a kwano. Hannunsa ya yi sanyi, ta ja masa bargo. Ta kira shi, shiru. Amma bugun na nan ƙarƙashin yatsanta, sai ma ƙara sauri yake, wannan ya ba ta tsoro, ya kuma kwantar mata da hankali.

Da hantsi ta leƙa ta katanga ta kira Dorkas, maƙwabciyarsu mai aikin jinya, ta dawo da sauri ta sake kama hannun.

Dorkas ta sa yatsu biyu a ɗaya hannun, ta daɗe. Ta taɓa wuyansa, ta buɗe idonsa, sannan ta durƙusa.

"Gwaggo, sai haƙuri. Baba ya cika, kuma da ɗan jimawa."

"A'a, 'yar nan. Ga shi yana bugawa, har ya fi na jiya."

Dorkas ta dubi yadda aka riƙe hannun. A hankali ta ɗaga babban yatsan tsohuwar, ta ɗora shi a kan katakon gado, ta danna.

Katakon ma bugawa yake, da sauri, da sauri. Zuciyar da Lauratu ta daɗe tana gadi ba ta Malam ba ce, tata ce.