Jar Motar Malam Haruna

Ba a yi wata guda da binne Malam Haruna ba, motarsa ta fara tashi da kanta.

Firdausi, autarsa, ita ta fara ji. Ta idar da sallar asuba ke nan ranar Lahadi a ɗakinta na sama, sai gilashin taga ya soma rawa. Duk unguwarsu ta Soundview, a Bronx ta ƙasar Amurka, babu mai wannan gurnani sai jar motar da ke kulle a garejin bayan gida. Ta daskare a kan sallaya, tsigar jikinta na tashi, har ƙarar ta mutu. Da gari ya waye ta sauka. Kwaɗo na nan a garƙame, makullin marigayi kuwa yana can unguwar Harlem a aljihun yayanta Rilwanu. Warin hayaƙi ne kawai ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Ford ce ƙirar 1932, irin wadda Amurkawa ke kira hot rod: tsohuwar gangar jiki, ƙaton inji a tsirara ba murfi, tayoyin baya masu faɗi. Gawarta aka sayo a bolar motoci tun ba a haifi Firdausi ba, aka haɗa ta ƙusa bayan ƙusa a garejin nan. Hausawan Bronx sun sha dariya. Mutum yana aikin gwajin jini a asibiti, hannu laushi kamar na jariri, me ya haɗa shi da motar 'yan ƙwalisa? Tuƙin ne ma ya fi kashe su. Duk Lahadi zai fito da ita, matarsa Hajiya Hussaina a gefe ta ɗaure fuska tamau, yana tafe kamar mai ɗauke da ƙwai, masu keke na wuce shi. Sai la'asar su dawo. Shi ya fito yana salati, ƙafa na karkarwa, ita ta wuce kicin tana 'yar waƙarta.

A gaban mutane Hajiya ba ta taɓa faɗin alherin motar ba. 'Yar bakanike ce daga Kaduna, takan ce warin baƙin mai ya ishe ta tun tana yarinya. In ta kai masa shayi gareji sai a rufe ƙofa, a daɗe ana jin muryarta tana faɗa. Yanzu tana takaba a ɗakinta na ƙasa. Ba fita, ba kwalliya, ba ƙunshi. Rannan Firdausi ta lura lalle ya fita daga yatsunta amma baƙin faratan bai washe ba, ta ce a ranta tsufa ne.

Lahadi ta zagayo, motar ta sake tashi.

Firdausi ma'aikaciyar jinya ce, ta lulluɓe gawa ba adadi, ta san wanda ya tafi ba ya dawowa. Sanin bai hana ta kwana da fitila a kunne ba. Ta kira Rilwanu.

"Aljanu ne suka samu parking kyauta," in ji shi, yana dariya.

Dariyar ta tsaya da ya zo ya buɗe garejin. Babu ƙura ko kaɗan a jikin motar. Ya zaro sandar auna man inji, ya ga man fes, sabo. Mahaifinsu kuwa tun bara yake kwance a asibiti kafin ajali ya zo.

Ya ɗauko Malam Jibrin daga masallaci. Malam ya yi addu'a, ya tofa a kusurwoyi, sannan ya ce ko ba komai mota dukiyar mamaci ce, dole ta shiga rabon gado. A sayar, kowa ya huta.

Abin ya soki Firdausi. Duk kayan da Abba ya bari babu wanda take ganinsa a ciki kamar motar nan, amma tsoro ya fi ƙarfinta. Ta amince. Da ta gaya wa mahaifiyarta, Hajiya ta ci gaba da jan carbi, can ta ce, "Haka kuka yanke?" Rilwanu ya sa motar a kasuwa. Wani Bature daga New Jersey ya taya, ya ce zai zo ɗauka ranar Lahadi da hantsi.

Da asubar ranar, gurnanin ya fi na kullum. Kofuna na rawa a kan tebur. Firdausi ta ji kuka ya taso mata, ga kunya: ta sayar da abin da ubanta ya so, shi kuma ga alama bai yafe ba. Ko me ke ciki, gara ta je ta roƙi gafara. Ta sauka ba takalmi, tana karanta Ayatul Kursiyyu, harshe na harɗewa.

Ƙofar garejin a ɗage take rabi, wani makulli na lilo a jikin kwaɗon. Ta sunkuya ta shiga. Ta cikin hayaƙi ta hango mutum cikin fararen kaya a bayan sitiyari, zaune daram, hannu ɗaya a kan sandar giya.

"Abba?" ta ce, da ƙyar.

Injin ya mutu. Fuskar ta juyo, hawaye na bin kumatu.

"Daina rawar jiki, Auta, ni ce," in ji Hajiya Hussaina. "Ki kira yayanki, ya ce wa Baturen ya yi zamansa. Ban mutu ba tukuna balle a raba gadona. Allah ya ji ƙan babanku, ko fulogi bai iya kwancewa ba. Iyakar aikinsa ya fitar da ni daga unguwa saboda bakin mutane. Da mun hau babbar hanya sai ya dawo nan," ta shafa kujerar gefe, "ya runtse ido yana salati, ni in ja motata."