Tuwo a Kan Matakala

Na buɗe ƙofa da kwanon tuwona, sai ga surukata zaune a kan matakalar bene, ta dunƙule cikin mayafi, kwano a cinyarta.

Sati uku ke nan da zuwanta daga Sakkwato don jegon matata. Gidanmu a Glasgow ɗaki ɗaya ne da falo. Ni kuwa ko a can gida, unguwar Ƙofar Marke, ban taɓa kai loma baki a gabanta ba, shi ya sa kullum nake sulalewa nan waje, cikin sanyi.

Na durƙusa. "Inna, me ya fito da ku?"

Ba ta dube ni ba. "Jika na zo gani, ban zo korar mai gida ba. Koma ciki."

"Ba zan iya barin ku a nan ba."

Can ta matsa, ta juya fuskarta ga bango.

Na zauna, na ba ta baya, muka fara ci. Ban ankara ba hannunta ya zagayo ta gefena, ya ajiye mini tsokar namanta a kwanona.