Sarkin Ɗori da Ƙafar da Ta Warke

Ka tambaye ni yadda manyan firistoci, masu karatu, suka ga jama'a na ba da gaskiya ga Yesu amma suka ƙulla a kashe shi, har da mutumin da ya tayar daga kabari. To, saurara.

A wani gari an yi wani Sarkin Ɗori, gadon kaka da kakanni. Duk wanda ya karye, gidansa ake kai shi. Sai wani magini ya faɗo daga kan katanga, ƙafa ta ragargaje. Sarkin Ɗori ya ɗora, ya kwance, ya sake ɗorawa, a ƙarshe ya ce wannan ƙafa ta tafi ke nan, a yi haƙuri. Ana nan sai wani baƙo ya sauka a garin, ya kama ƙafar, magini ya miƙe ya taka har kasuwa. Kafin ka ce kwabo, zauren Sarkin Ɗori ya zama fayau, masu karaya da masu targaɗe duk sun koma gindin tsamiyar da baƙon yake zama. Abin ya ci wa Sarkin Ɗori rai. Ya sa aka kori baƙon, wai bai gaji ɗori ba. Amma ina! Ga magini yana yawo da ƙafa biyu, kowa na nuna shi.

Sai Sarkin Ɗori ya kira shi gaban jama'a, wai zai duba aikin. Ya bi ƙashin da yatsunsa tun daga gwiwa har idon sawu. Wayyo, sumul! Duk garin babu wanda ya kai shi sanin cewa ƙafar nan ta warke, don hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ɗaga kai ya ga idanu a kansa, ya ce, "An ɗora a karkace. Sai an karya an sake." Magini, bawan Allah, ya yarda, don ai Sarkin Ɗori ne. Aka danne shi, aka karya. Ƙafar ba ta ƙara haɗuwa ba.

Ka ɗauka mutane sun dawo? Ko ɗaya. Wanda duk ya karye sai a ɗora shi a jaki a bi sawun baƙon, komai nisa. Magini kaɗai ya kasa bi. Kullum da hantsi yakan jawo ƙafar ta ƙofar zauren, ya tsaya ya ce, "Barka da hutawa, Sarkin Ɗori." Shi kuwa yana zaune shi kaɗai, ya kasa cewa na tuba, har ya tsufa a haka.

Ba rashin sani ne ya kashe firistocin nan ba, ɗan'uwa, sun sani sarai, abin da ke sa ni baƙin ciki ke nan. Hausawa suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.